Rabin Awar Umma

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Umma, tana da rabin awa a kowace rana da ta kasance tata ita kaɗai: daga ƙarfe biyar zuwa biyar da rabi na yamma. Sauran lokacin duk namu ne. Wannan rabin awar muka raba ta da ita, da hannunmu, muna murna, har muna jiran ta yi mana godiya. Ni ce mai ajiye hotunan gidanmu da takardun haihuwa, shi ya sa na ga ya dace wannan ma in rubuta shi in ajiye, duk da cewa ba abin alfahari ba ne.

Umma ba ta yi nisa a makaranta ba. Tana da shekara ashirin da biyu ta kama aiki a ɗakin wankin wani otal, kuma har yau tana can. Ɗakin a ƙarƙashin ginin yake, babu taga ko ɗaya, sai manyan injinan wanki huɗu da ke ruri tun safe, da tururin guga mai sa mutum ya jiƙe sharkaf kafin ƙarfe tara. Aikinta zannuwan gado ne da tawul. Ta ciro, ta busar, ta goge, ta ninke, ta jera. Ta taɓa ce mini ko ta rufe ido fari take gani. Fatar yatsunta duk ta tsage saboda maganin cire datti, in ta shafa maka fuska sai ka ji kamar soso.

Ƙarfe huɗu take tashi daga aiki, huɗu da rabi mu ji takunta a matakala. A hawa na biyu muke, ɗaki biyu da falo, mu bakwai. Akwai Baba, direban motar kai kaya. Akwai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ke kwance tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Sai Yaya, babbarmu, mai aiki a kantin magani, sai ni, sai ƙannenmu tagwaye, mata, 'yan firamare. Dukanmu baki ɗaya gare mu, kuma kalma ɗaya ya fi iyawa: Umma. Umma ina safata, Umma ruwa ya ɗauke, Umma kin ga ta cinye mini fensir, Umma Kaka na son a juya ta. Wata rana na zauna na ƙirga, daga shigowarta zuwa kwanciyarmu, sau arba'in da ɗaya aka kira ta. Da na gaya mata sai ta ce, "To ke ce ta arba'in da biyu."

Saƙa kuwa a wurin aiki ta koya, hannun wata tsohuwar abokiyar aikinta, a lokacin hutun cin abinci. Hannunta ya faɗa da wuri. Hular jariri a kwana biyu take gama ta, a cikin mota, tsakanin gida da otal. Suwaita ba ta wuce mako biyu. Babu jaririn da aka haifa a gininmu da bai sa safar Umma ba.

Amma akwai bargo. Shi ne ya ƙi ƙarewa.

Shekara bakwai tana saƙa shi. Yana zaune a cikin wata ƙatuwar jaka mai zif a baranda, kusa da tukunyar gas. Ƙarfe biyar na yi sai ta janyo kujerar roba, ta zuge jakar, ta fito da bakin saƙar kawai ta ɗora a cinya, sauran yana ciki. Tsinkayen saƙarta biyu ne, wata siririyar igiyar roba ta haɗa su, kuma kowane madaukin zare da ke kansu "ido" take ce masa. Duk wanda ya leƙo ya buɗe baki, ba ta ko ɗago kai, sai ta ce, "Ina ƙirga." Mun san ma'anar wannan. In ka katse ta idanun za su rikice mata, sai ta koma farkon layi, kai kuma ka shiga uku. Ko Kaka tana haƙuri da juyi sai biyar da rabi. Ko Baba, in ya dawo da yunwa, sai ya tsaya bakin baranda yana shafa ciki yana tsokana a hankali.

"Maman tagwaye, wannan bargon dai jikokinmu ne za su lulluɓa da shi."

"Ina ƙirga."

"To Allah ya sa a kai ƙarshen lissafin muna raye."

A bara aka yi wa ƙanwar Umma aiki a ciki, a wani gari, babu mai jinyarta. Umma ta ɗauki hutun kwana tara ta tafi. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta kwana a waje ba.

Kwana uku kacal gidan ya nuna mana halinsa. Shinkafa ta kama sau biyu. Tagwaye suka tafi makaranta da safa kala daban-daban. Ni da Yaya muka juya Kaka, ta yi ƙara ta ce mun karya ta, wai 'yar nan, wato Umma, ita kaɗai take yi kuma ba ta taɓa jin zafi ba. Baba ya nemi takardar motarsa awa guda, ashe tana inda kullum take, Umma ce dai ke miƙa masa. A rana ta huɗu da yamma muka zube a falo kamar waɗanda aka kora. Baba ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Ashe haka matar nan take fama, muna zaune."

Yaya ta ce, "Wallahi Baba kunya ta kama ni. Ya kamata kafin ta dawo mu sauke mata ko nauyi ɗaya ne."

"Wane?"

Idon Yaya ya faɗa kan baranda. "Bargon can. Shekara bakwai yana wuyanta. Mutum ya dawo daga wancan zafin, maimakon ya huta, sai ya zauna yana ƙirga zare. Mu kai wa tela ya rufe bakinsa, a gama, ta huta."

Na so a ce na yi musu. Ban yi ba. Ni ce ma na tashi na janyo jakar, na ji nauyinta ya fi ƙarfin hannu ɗaya.

Muka zuge zif. Yaya ta kama bakin saƙar ta fara ja da baya. Ta bar baranda, ta ratsa falo, bargo na fitowa. Ta kai ƙofar ɗakinmu, yana fitowa. Ta shiga har jikin bango, ta juyo, tagwaye suka karɓa suka nufi ƙofar fita da shi, har yanzu jakar ba ta nuna alamar yunwa ba. Baba ya miƙe tsaye.

"Innalillahi. Wai ba shi da ƙarshe ne?"

Sai da tagwaye suka buɗe ƙofa suka sauka matakala shida sannan gindinsa ya fito. Kala-kala ne, ratsi bayan ratsi, duk ragowar ulun hula da suwaita. Ga rawayar suwaitar da na shiga sakandare da ita, ga shuɗin hular Baba da ta ɓata a tasha. Daga ɗaki Kaka take tambaya me ya faru, me ya sa aka yi shiru. Ɗaya daga cikin tagwayen ta ce, "Kaka, bargon Umma ya fi gidanmu tsawo."

Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa: macen da ke gama suwaita a mako biyu, me zai sa ta kasa sanin bargo ya isa? Mu ba mu tambaya ba. Tausayinta ne ma ya ƙara kama mu. Baba ya girgiza kai ya ce, "Kun gani ko? Aiki ya yi mata yawa har ba ta san ta wuce wuri ba."

Washegari ni da Yaya muka kinkimi jakar zuwa shagon telan da ke ƙasan gininmu. Ya ɗauko awonsa yana aunawa, yana ninkewa, yana sake aunawa. Da ya gama ya cire tabarau ya dube mu.

"Mita goma sha biyu da ɗan kai. 'Yan mata, wannan bargon mutum ne ko na jirgin ƙasa?"

"Na Ummanmu ne," in ji Yaya. "So muke a gama mata shi."

"Gamawa ai ya gamu tun shekara biyar da suka wuce. Ta san kun kawo?"

"Ba-zata za mu yi mata."

Ya ajiye awonsa. "Ni dai kayan mutum ba na son taɓa su ba ya nan."

"Malam tela, uwarmu ce fa. Mu ba mu san abin da take so ba, sai kai?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce saƙa ba a yanka ta haka kawai, warwarewa za ta yi, sai ya bi da keke layi biyu, ya yanka a tsakaninsu, sannan ya naɗe bakin da yadi. Mita bibbiyu, bargo shida za a samu. Yaya ta tafa hannu don daɗi. Ina tsaye ya zare tsinkayen daga idanun, ya miƙo mini su. Ina tsaye ya sa almakashi. Ƙarar da ulu ke yi a bakin almakashi ba ta da ƙarfi, wani ɗan ƙurus-ƙurus ne kawai, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗauka murna ce.

Ranar da Umma ta dawo mun share gida, mun jera barguna shida a kan teburin falo, mun rufe da zani. Ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta rame, idonta ya faɗa. Ko ruwa ba mu bari ta sha ba. Baba ya tsaya kamar mai buɗe sabon gini, ya ce, "Maman tagwaye, rufe idonki." Ta ce ita ta gaji, a bar wasa. Ya yaye zanin.

Ta daɗe tana kallo. Ta ajiye jaka a hankali. Ta matso ta ɗaga na sama, ta bi bakin yadin da yatsa, ta juya shi, ta ga inda aka yanke. Sai ta waiwaya baranda. Jakar na nan a ninke, babu komai a ciki.

"Almakashi aka sa masa?"

"Tela ne ya yi, da ƙwarewa," in ji Baba. "Ko zare ɗaya bai warware ba. Mita goma sha biyu fa, baiwar Allah! Yanzu kin huta."

Umma ta zauna. Ba a kan kujera ba, a ƙasa, inda take tsaye. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba kuka ba ne, ba fushi ba ne. Bakinta a ɗan buɗe, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar yau ta fara ganinmu.

Yaya ta raɗa mini, "Kin ga daɗi ya hana ta magana."

Baba ya shiga rabo. Wannan na Kaka, wannan nasa, wannan na Yaya, wannan nawa, biyu na tagwaye. Sai da teburin ya zama wayam sannan muka lura ita babu nata. Baba ya yi 'yar dariyar kunya ya ce ai nasa nata ne. Umma ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce, "Sannunku da aiki." Ta shige kicin. Muna jin ta tana wanke tukwanen da muka riga muka wanke.

Washegari ƙarfe biyar na yi, ƙafarta ta kai ta baranda da kanta. Ta janyo kujerar roba ta zauna, hannu a cinya. Ko minti biyu ba a yi ba Kaka ta ƙwala kira, "'Yar nan, tunda yau babu lissafi zo ki juya ni." Ta tashi. Tana fitowa tagwaye suka tare ta da aikin gida. Baba ya shigo ya ce, "Yauwa, tunda kin samu sarari, ɗan haɗa mini shayi." Ni ma, Allah ya yafe mini, na miƙa mata rigata ta sa mini maɓalli.

Haka aka yi mako biyu. Umma ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, amma ta daina dariya. Ta zuba gishiri a shayin Baba. Ta dawo daga aiki da ƙuna a bayan hannu, ita da ta shekara ashirin da wani abu tana guga ba ta taɓa ƙonewa ba. Ko hular jariran da take yi a mota ta ajiye.

Jikina ya ba ni mun yi ɓarna, amma na ɗauka ɓarnar ta ulu ce. Na sayo dunƙulen ulu uku masu kyau, na haɗa da tsinkayenta da na ɓoye a akwatina, na same ta a kicin tana yanka albasa.

"Umma, ga wannan. Ki fara wani mana."

Ta dubi ulun, ta ci gaba da yanka. "In fara wani, ku riƙa auna mini shi?"

"Wallahi ba za mu taɓa ba."

"Ko ba ku taɓa ba, ai kun riga kun gani. Da, ba ku san tsawonsa ba, aiki ne nake yi, kuna jira in gama. Yanzu in na zauna kowa ya san wasa nake yi. Wa zai haƙura da yunwa don uwarsa na wasa?"

"Amma ai kina ƙirga, dole a ƙyale ki."

Ta ajiye wuƙar. "Ke da kika yi makaranta. Wannan saƙar layi ɗaya ce, ka je ka dawo, ka je ka dawo. Makaho ma zai yi ta. Me zan ƙirga a ciki?"

Na dube ta. "Shekara bakwai, Umma?"

"Ban taɓa ƙirga ko ido ɗaya ba. Wata rana layi ɗaya nake yi, wata rana ko ɗayan ba na gamawa. Zama nake yi. Ina kallon tsuntsaye a kan wayar lantarki. Ina jin ƙafata tana hucewa." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. "Da na ce muku na gaji, ku ba ni rabin awa, wa zai ba ni? Ke za ki ba ni?"

Na buɗe baki in ce e, sai na tuna maɓallin rigata.

A ranar na gaya wa Yaya da Baba. Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, ni na kawo shawarar." Baba kuwa ya kasa yarda. Sai maimaitawa yake yi, "Ba ta ƙirga ba? Ni da nake tsayawa da yunwata a bakin baranda?" Muka yi alkawari daga gobe babu mai kiranta ƙarfe biyar. Alkawarin ya yi kwana biyu. A na uku gas ya ƙare ana tsakiyar girki, kuma ita kaɗai ta san lambar mai kawowa. A na huɗu tagwaye suka yi faɗa har da jini a leɓe. Mutum yana zaune a gabanka hannu sake, bakinka ba ya iya haƙuri.

Ranar Talatar da ta biyo baya, huɗu da rabi ta yi, ba mu ji takunta ba. Biyar saura kwata, shiru. Yaya ta kira wayarta, a kashe. Ta kira wurin aikin, aka ce ta fita tun ƙarfe huɗu kamar kullum. Tagwaye suka fara kuka. Baba, wanda shigowarsa ke nan, ya mayar da takalminsa, yana cewa a fara da asibitin da ke kan hanyar motarsu. Kaka na ta salati daga ɗaki. Duk wannan tashin hankalin, da na duba agogo, minti talatin da biyar ne kawai ta ƙara.

Baba na kama ƙofa, ita kuma tana turowa.

"Ina kika shiga? Kin san halin da kika sa mu? Mota ce ta lalace?"

"Lafiyar mota ƙalau."

"To ina kika tsaya?"

"Ban tsaya ba. Zama na yi."

"A ina?"

Ta rataye jakarta a ƙusa, ta cire takalmi. "Baban tagwaye, in zan faɗa muku wurin, ai gara in zauna a gida."

Baba ya dube mu, ya dube ta. "Wayar fa?"

"Ni na kashe ta. Gobe ma zan kashe. Jibi ma haka. Ƙarfe biyar za ku riƙa ganina, ko da 'yan mintoci. Wanda ya ji yunwa kafin nan, ga kicin can, ba a kulle yake ba."

Tunda nake ban taɓa jin Umma ta yi wa Baba magana irin wannan ba, kuma a natse ta yi ta, kamar mai faɗin farashin tumatir. Baba ya zauna a hannun kujera, ya cire takalmi ƙafa ɗaya. Can ya ce, a hankali, "Mutane fa za su ce wani abu."

"Su ce. Su ma su nemi wurin zama."

Daga ɗaki Kaka ta ɗaga murya. Muka yi tsammanin faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Kai, ƙyale 'yar mutane. Ni da na samu wannan dabarar a zamanina, da ƙafafun nan ba su mutu da wuri ba. Ke babbar, zo ki juya ni, kuma ki bi a hankali, ba buhu ba ce ni."

Yaya ta tafi. Ni na shiga kicin na ɗora ruwa.

Yau wata takwas ke nan. Umma na dawowa ƙarfe biyar, wani lokaci da minti goma. Ta koma saƙa hular jarirai a mota, amma babba ba ta sake farawa ba. Baba ya koyi haɗa shayinsa, ko da yake har yanzu yana ƙorafin ba ya yin daɗi. Sau biyu yana tambayata ko na san inda take zuwa, na ce ban sani ba, kuma a lokacin gaskiya na faɗa.

A watan jiya ne aka aike ni wata unguwa, na hau motar da ba tamu ba. Muna tafe, wajen biyar saura kwata, na hango ta ta taga. Tana zaune a kan wani benci ita kaɗai, ta cire takalmi ta ajiye a gefe, ta miƙe ƙafa. Lemo take ɓarewa, a hankali, tana sa ɓawon a cinya. Babu mai kallonta, ita ma ba ta kallon kowa. Na san wurin sarai, amma ba zan rubuta shi a nan ba, domin su Yaya za su karanta.

Motar ta tsaya daidai gabanta. Kwandasta ya buga ƙofa ya ce, "Akwai mai sauka?"

Na sunkuyar da kai har muka wuce.